Hawan Igiyar Tafki da Kayak: Amsa ga Ɗan'uwa da ke Shikago

Wani ɗan'uwa da ya je karatu Shikago a Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce ran da iska ta tashi ya je bakin Tafkin Mishigan, ya tarar da mutane a cikin 'yan ƙananan jiragen nan da ake kira kayak suna hawa igiyar ruwa tana kawo su gaɓa a guje. Abin ya ba shi mamaki, tunda wannan ba teku ba ne, ruwan daɗi ne. Yana son sanin daga ina igiyar take fitowa, kuma shi da ya iya iyo, ya taɓa tuƙa kwale-kwale a gida, zai iya koya? Ta ina zai fara?

Ɗan'uwa, za ka iya koya, kuma kana wurin da ya dace. Sai dai tun yanzu ka san cewa hawan da ya burge ka ɗin nan shi ne ƙaramin kaso na wasan. A tafki, igiya guda ba ta cika ɗaukar mutum fiye da 'yan daƙiƙu ba. Sauran aikin duk yana wurin sanin iska, da keta kumfa ka fita, da abin da za ka yi bayan jirgi ya kife da kai a ruwa mai sanyi. Kifewa kuwa ba makawa.

Igiyar da ka gani iska ce ta haife ta, ba wani abu ba. Abu uku ne ke yanke girmanta: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa ta fuska ɗaya, da nisan filin ruwan da ta ratsa ba tare da wani tudu ya tare ta ba. Na ukun nan shi ne ya raba Mishigan da madatsun ruwan da ka sani a gida. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 494 ne, faɗinsa a inda ya fi faɗi kusan 190, zurfinsa ya kai mita 281. Idan iskar arewa ta taso, sai ta yi ɗaruruwan kilomita tana tura ruwa kafin ta iso ƙarshen kudu, inda Shikago da gaɓar jihar Indiyana suke. Iskar kilomita 30 zuwa 40 a awa, in ta kwana tana kaɗawa haka, da safe za ka tarar da igiya mai mita 1 zuwa 2 tana karyewa a yashi. Wannan iskar dai, da daga yamma ta zo, Shikago ba za ta ga komai ba. Igiyar can tsallake za ta sauka, wajen garuruwan Grand Haven da Muskegon da ke gaɓar gabas. Iskar kudu kuma mutanen Sheboygan a jihar Wiskonsin ne ke murna da ita.

Inda tafki ya bambanta da teku shi ne ratar da ke tsakanin igiya da igiya, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimta sosai, don komai na wasan daga nan ya rataya. Igiyar da masu allo, wato masu tsayawa a kan allo igiya na ɗaukarsu, ke hawa a Hawai ko Kalifoniya, guguwar da ta haife ta tana can nesa, wataƙila dubban kilomita. A doguwar tafiyar nan igiyoyin suna tacewa, su jeru, su iso gaɓa ɗaya bayan ɗaya da ratar daƙiƙa 12 ko 15, sau da yawa ma ba iska a wurin. A tafki babu wannan dogon zangon. Igiya tana isowa uwarta iska na biye da ita, rata kuma daƙiƙa 4 zuwa 7 ce galibi. Akwai lissafi mai sauƙi: a ruwa mai zurfi, ka ninka daƙiƙun da kansu, ka sake ninkawa da 1.56, ka sami tsawon igiyar a mita. Mai daƙiƙa 12 tana da kusan mita 225 daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa. Mai daƙiƙa 5 kuwa mita 39 kacal. Tsayi ɗaya ne, amma an matse shi a gajeren wuri, shi ya sa fuskarta take a tsaye, take saurin karyewa, kuma wata na taka ƙafar wata. Kamar bambancin hanyar da ke hawa da sauka a hankali ne da hanya mai gargada.

Ma'anar wannan ga mai kayak: igiya goma sha biyu a minti guda. Ta farko ta kifar da kai, kana ƙarƙashin ruwa kana gyara filafili don ka mirgino, wato ka juyo da jirgin sama kana zaune a ciki, ka ɗago ke nan ruwa na zuba daga hular kwano, ta biyu ta iso. Wanda ya koyi mirginawa a tafkin wanka mai ɗumi, ya saba da ɗaukar lokacinsa, a nan yake gane cewa bai gama koya ba. Akan ce ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba. Gaskiya ne, amma bambancin bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. Mai allo zai iya ji, kai da ke zaune cikin jirgi ba za ka lura ba. Kada ka ɓata tunaninka a kai.

Lokacin wasan kuma ya zo a baibai. Da zafi, Yuni zuwa Agusta, ruwa ya yi ɗumi amma tafki yawanci a kwance yake. Igiyar kirki daga Satumba take farawa, ta yi ƙarfi a Oktoba da Nuwamba. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a lokacin ne manyan guguwowi ke ratsa yankin. Na biyun ba kowa ya san shi ba: idan iska mai sanyi daga Kanada ta bi ta kan ruwan da har yanzu yake riƙe da ɗumin bazara, iskar da ke ƙasa tana ɗumama ta tashi, ta sama mai ƙarfi ta sauko, sai ta kama ruwan da kyau. A Afrilu da Mayu akasin haka ne, iska mai ɗumi tana zamewa ne a kan ruwa mai sanyi. Shi ya sa iska mai gudu iri ɗaya take tada igiyar da ta fi girma a kaka. Kuma kada kalmar tafki ta yaudare ka. Ranar 10 ga Nuwamba 1975 guguwa ta nutsar da jirgin dakon ƙarfe Edmund Fitzgerald a Tafkin Superior da ke arewa da Mishigan, jirgi mai tsawon mita 222, da mutum 29, ba wanda ya tsira. A Oktoban 2017 wata na'urar awo kusa da garin Marquette ta auna igiya mai kusan mita 9 a Tafkin Superior ɗin. Ba irin ranakun nan ake wasa ba, amma ruwan ɗaya ne.

Don haka abin da za ka fara koya, tun kafin ka taɓa filafili, shi ne karanta hasashen yanayi na ruwa. Hukumar yanayi ta Amurka tana fitar da shi kullum don kowane yanki na gaɓa, akwai kuma na'urorin awo da aka ɗaure a cikin tafki suna ba da tsayin igiya, da ratarta, da zafin ruwa, kyauta a intanet. Ana kwashe su in sanyi ya shigo saboda ƙanƙara, wato daidai lokacin da ake fi buƙatarsu. Tsayin da suke bayarwa matsakaicin manyan igiyoyi ne, kashi ɗaya cikin uku na sama. Jefi-jefi wata za ta zo da ta kusa ninka shi. Ƙarfin igiya kuma ba ya tafiya daidai da tsayi: ka ninka tsayi, ƙarfi ya ninku sau huɗu. Wanda ya ji daɗin rabin mita jiya, ya ce yau mita ɗaya ai kaɗan ta ƙaru, bai yi lissafi ba. Mu da muke shiga, lokacin da muke farauta shi ne sa'ad da iska ta fara sauka ko ta juya bayan ta kwana tana aiki. Igiya na nan, amma fuskarta ta yi sumul. Ba ya daɗewa, 'yan awoyi ne tafki ya kwanta, shi ya sa za ka ga mutum ya bar aiki da rana tsaka jirgi a kan mota.

Iskar da nake tsoro wa sabon shiga ba mai tada igiya ba ce. Wadda ke busowa daga tudu zuwa ruwa ce. A bakin gaɓa ruwa lumui, sai ka ce yau ranar koyo ce. Ka yi nisan mita ɗari biyu ko uku, iskar ta same ka sosai, tana tura ka waje, kuma kowane taku igiya na ƙara girma. Wanda ya kife a nan, jirgi ya kuɓuce masa, iska za ta tafi da jirgin da saurin da ba mai iyon da zai kamo shi. A Shikago iskar yamma ce wannan. Iskar da ke busowa daga ruwa zuwa tudu, duk haukanta, aƙalla gida take kawo ka.

Batun kwale-kwalen da ka taɓa tuƙawa: zai taimake ka wajen sanin yadda jirgi ke rawa a ƙarƙashinka, amma iyakarsa ke nan. Kwale-kwale buɗe yake, igiya ɗaya ta cika shi. Kayak asalinsa na mutanen Inuit ne da danginsu na can ƙuryar arewa, Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda suka riƙa lulluɓe firam da fatar dabbar ruwa suna farauta a ruwan da faɗawa cikinsa mutuwa ne. Rufaffe ne, rami guda ne kake zama a ciki, sai ka sa wani siket na roba a ƙugu ka ɗame bakinsa a gefen ramin. Gwiwoyinka suna tokare da rufin ciki, ƙafafu a kan matakai. Da ƙugu da gwiwa ake tuƙa shi fiye da hannu. Irinsa uku za ka gani a igiya. Dogon nan na tafiya, mai kusan mita 5, yana kama igiya tun ba ta miƙe ba, amma juya shi aiki ne, kuma in ya karkace ya karkace. Gajere na kogi, mita 2 da ɗoriya, roba ne mai jure duka, yana juyi yadda kake so, sai dai ba shi da gudu, dole ka jira igiya ta kusa karyewa. Akwai kuma wanda aka ƙera don igiya takanas, mai shimfiɗaɗɗen ciki da kaifin gefe. Ni dai shawarata ga mai farawa a tafki, gajeren na kogi, na hannu. Yana yafe kuskure, kuma in ya buge ka bai kai dogon ciwo ba. Kada ka sayi irin faffaɗan nan mai arha da ake sayarwa a manyan kantuna don yawo a ruwa mai kwanciya. Bakinsa ya yi faɗi, ba shi da ɗakunan iska, in ya cika nutsewa yake ko ya tsaya a tsaye.

Hular kwano dole, rigar ceto dole, ɗaure tamau. Sai sutura, wadda ita ce ta fi jirgin muhimmanci kuma sau da yawa ta fi shi tsada. Ƙa'idar ita ce ka yi shiga don ruwan, ba don iskar waje ba. A Agusta saman Mishigan yakan haura digiri 20, amma zuwa Nuwamba yana gangarowa ƙasa da 10, a Mayu ma rana na dukanka ruwan yana nan da sanyin hunturu. Ko da zafi, iska na iya ture ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso, a kwana ɗaya wuri ya sauya. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana nazarin wannan, ya taƙaita shi da 1-10-1: minti 1 na farko numfashi ke ƙwace maka, kana haki ba da sonka ba, kuma in kanka na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa za ka shaƙa, sai kamar minti 10 da hannuwa ke da amfani kafin su mutu, sai kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Na tsakiyar nan shi ke kashe gwanayen iyo. Iyawarka na nan a kanka, amma yatsu sun ƙi kama madaukin jirgi. Rigar roba mai kauri mai kama jiki ta isa a farkon kaka. Daga nan sai rigar da ba ta barin ruwa ya shiga, mai roba a wuya da wuyan hannu, da kayan ɗumi a ciki, ba auduga ba.

Yanzu ga aikin kansa. Darasin farko ba hawa ba ne. Ka sami malami, ku je tafkin wanka, ka kife da gangan, ka lalubo madaukin siket, ka ja, ka fito. Kafin ka tashi daga gaɓa kowane lokaci, ka duba madaukin nan yana waje, ba a cusa shi ciki ba. Sannan mirginawa, har ta zama ba ka tunani.

Darasi na biyu a tafki ne, a igiyar da ba ta wuce gwiwa zuwa cinya ba, a gaɓar yashi. Ka juya jirgi ka ba kumfa gefe, ka bar ta ta buge ka. Jikinka zai ce ka kauce, ka karkata wajen tudu. In ka bi shi, gefen jirgi na wajen tudu ya nitse, ruwa ya kama shi, kafin ka ƙifta ido kanka na ƙasa. Abin da ake yi akasin haka ne: ka ɗaga gwiwar da ke wajen tudu, ka jingina cikin kumfar, ka ɗora bayan tafin filafili a kanta ka dogara. Kumfar na da ƙarfin riƙe ka, za ta yi ta tura ka a kaikaice har yashi kana tsalle-tsalle a kai. Ka yi ta hagu, ka yi ta dama, har ka gaji. Gwiwar hannu kuma a ƙasa, kusa da haƙarƙari. Raunin da ya fi yawa a wasan nan gocewar kafaɗa ne, kuma yadda yake faruwa ɗaya ne: hannu ya miƙe sama da bayan kai, igiya ta fizge filafili. Mita ɗaya na ruwa tsawo da faɗi da zurfi tan guda ne. Kafaɗa ba za ta ja da shi ba.

Fita waje a tafki ya fi gajiyarwa fiye da teku, don ba hutu tsakanin igiyoyi. Ka fuskance su kai tsaye, ka yi gudu, daidai haɗuwa ka sunkuya gaba, ka soka filafili a bayan kumfar ka ja kanka ka wuce. Kada ka ɗaga filafili a gicciye gaban fuska; mutane sun rasa haƙora a haka. Ka lura da inda igiya take karyewa da inda ba ta karyewa. Igiya na karyewa ne in zurfi ya ragu zuwa kamar tsayinta da sulusi, don haka farin layi yana nuna maka tudun yashi a ƙasa, duhun wuri kuma rami ne. Gaɓar Mishigan takan yi irin tudun nan biyu ko uku a jere.

Kamawa kuwa, ba tsere kake da igiya ba. A zurfin mita 2 tana gudun kusan kilomita 16 a awa, ba za ka kai haka da hannu ba. Abin da kake nema gangara ce. Ka juya hanci wajen tudu, kana waige. Ka bar ta farko ta wuce ƙarƙashinka. Da hancinka ya faɗa kwarin bayanta, ka ji gindin jirgi ya fara ɗagawa, sai ka sunkuya gaba ka yi bugu huɗu ko biyar masu sauri. Za ka ji filafili ya yi sako-sako a hannu, ƙarar ruwa ta sauya, jirgi ya tafi da kansa. Nan take ka koma baya kaɗan, don fuskar igiyar tafki a tsaye take, hanci na son nitsewa. In ya soki yashi, gindi zai tashi ya wuce ta kanka. Ka sa tafin filafili a baya kusa da gindi ya zama sitiyari, kada ka nufi tudu sak, ka ɗan yanka gefe, nesa da inda ta fara karyewa. Ƙarshenta dai jirgi zai juya ya ba igiya gefe, ko kana so ko ba ka so. A nan darasi na biyu yake biyan kuɗinsa.

In mirginawa ta ƙi, ka fito, to kada ka yarda jirgi ya kasance tsakaninka da igiya. Jirgin da ya sha ruwa ya kai nauyin ɗaruruwan kilo, igiya za ta maka maka shi. Ka koma bayansa, ka riƙe madaukin gindi da tafin hannu, ba ka zura yatsu ciki ba, don in ya murɗa zai karya su. Kada ka ɗaure filafili ko jikinka a jikin jirgi in kana cikin kumfa.

Sai ruwa mai ja. Duk ruwan da igiya ta tara a gaɓa sai ya koma, yakan sami gibi a tudun yashi ya bi ta nan a guje zuwa waje. Mafi muni shi ne wanda ke bin jikin katangun kankare da suka miƙa cikin tafki a bakin tashoshin jirage: ruwan da ke gudu a gefen gaɓa ya ci karo da katanga, ba inda zai bi sai waje. A cikin manyan tafkuna biyar na wannan yanki, Mishigan ne ya fi cin mutane, kuma irin wuraren nan suna da babban kaso. Za ka ga ƙwararru suna wasa a gefen katanga don tana kare musu iska tana gyara igiya. Kai ba yanzu ba. In ruwan ya ja ka, masu aikin ceto na yankin abu uku suke koyarwa: ka juya rigingine, ka yi yawo a sama ka huce, ka bi shi har ya sake ka, sannan ka yi iyo a kaikaice ka fita. Shikago tana da nata ƙarin matsalar, don yawancin gaɓarta matakalar kankare ce. Igiya in ta bugi bango dawowa take, ta haɗu da mai zuwa, ruwa ya riƙa tsalle sama ba tsari, kuma ba wurin fita. Ka tabbata duk inda iska za ta kai ka in komai ya lalace, yashi ne. Idan kuma ka ga hadari mai tsawa ya taso, fita. Banda walƙiya, irin hadarin nan yakan turo ruwa ya taso farat ɗaya, kamar yadda ya faru a Shikago ranar 26 ga Yuni 1954, ruwa ya share masu kamun kifi daga kan katanga, mutum 8 suka rasu.

Ba kai kaɗai ne a ruwan ba. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, kuma mai kayak yana kama igiya tun daga nesa fiye da mai allo, don haka in ka ga dama sai ka kwashe duka. Kada ka yi, za su tsane ka da gaskiyarsu. Jirgin da ya karkace ba shi da birki, duk wanda ke gabansa zai share. Ka nisanci masu wanka da yara. Birnin Shikago ya daɗe yana hana hawan igiya, sai a 2009 ya buɗe wasu gaɓoɓi kaɗan, irin su Montrose da ta titi na 57, kuma dokar ta bambanta tsakanin lokacin wanka da sauran shekara, ta allo ma ba lallai ta zama ta kayak ba. Ka tambayi hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin kafin ka sauke jirgi.

Tunda yanzu kake farawa, ka yi amfani da hunturu a tafkin wanka; ƙungiyoyin masu kayak na yankin sukan kama haya da daddare don koyon mirginawa, a nan ma za ka sami abokan fita da jirgin aro. Ranarka ta farko a igiya ta zama ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ruwa na da ɗumi, iska na busowa zuwa tudu ba ta wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa ba, igiya rabin mita, ku uku aƙalla, ɗaya daga ciki ya iya ceto. Wayarka cikin jakar da ba ta shan ruwa, a aljihun rigar ceto, ba cikin jirgi ba, kuma wani a tudu ya san ƙarfe nawa za ku fito.